Wane Ne Tsohon Soja? Tambayar da Ke Bin Kaki Bayan An Tuɓe Shi

Duk ma'aikacin da ke sammako daga Keffi zuwa ofis a Abuja ya san barikin Shittu Alao, mazaunin Bataliya ta 177 ta dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa. An raɗa masa sunan hafsan sojin saman da ya rasu a hatsarin jirgi a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. A unguwannin garin akwai dattawan da suka taɓa sanya kaki, kuma jama'a na kiran kowannensu tsohon soja. Sai dai a Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, wannan suna kaɗai ba ya buɗe fayil.

Abin da hukumar ke dubawa shi ne takardar sallama da shekarun aiki. Dokokin fansho na 1979 sun gindaya shekara 15 kafin mutum ya cancanci fansho. A 1992 aka sauko da ita zuwa 10. Wanda aka kora kuwa, ko da ya kai adadin, yakan rasa haƙƙoƙinsa.

A nan ne labarin mayaƙan basasa ke da ciwo. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin 1967 ta kumbura zuwa kimanin 250,000 a ƙarshen yaƙin. Da ƙura ta lafa aka shiga rage ta, aka sallami dubbai kafin su cika shekarun da doka ta nema. Mutum ya bar ƙafarsa a fagen daga, amma lissafi ya nuna bai daɗe ba. A ganina, babu ma'aunin da ya kai wannan rashin tausayi, domin yana ƙirga shekaru ne kawai, ba ya auna abin da aka gani a cikinsu.

Siyasa ma takan sauya ma'anar. A 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya mayar da korar sojojin Najeriya da suka koma ɓangaren Biyafara zuwa ritaya, lamarin da ya ba su damar neman haƙƙi. Kwanan wata kuma ya raba abokan aiki gida biyu a kan alawus ɗin da ake biya domin hana tsohon soja amfani da ƙwarewarsa wajen cutar da ƙasa: da farko waɗanda suka yi ritaya kafin ƙarshen 2017 ba su shiga ba, sai bayan zanga-zanga a Abuja gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a haɗa da su a 2022.

Sauran ƙasashe ba su tsaya a wuri guda ba. A Birtaniya, wanda ya yi aikin soja na kwana ɗaya tak tsohon soja ne a hukumance. A Amurka, dokar tarayya na neman aiki na cikakken lokaci da sallamar da ba ta wulaƙanci ba. Amma ko a can, suna daban ne, fansho daban.

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara 'yan ƙungiyar Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, kan yi fareti a gaban manyan baƙi. Matasan sa-kai da suka tunkari Boko Haram a Maiduguri tun daga 2013, suka binne 'yan uwansu da dama, ba su da lambar soja, ban da waɗanda daga baya aka ɗauka aikin.