Ishiriniya: Muna Rerawa, Amma Mun San Me Take Cewa?

Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, Daura ba ta barci da wuri. Tun kafin hawan Sallar Gani, zaurukan malamai kan cika da masu karatun Ishiriniya, manya su ja baiti, yara su amsa. Da yawa daga cikinmu mun haddace wasu baitocin tun muna makarantar allo. Amma a ce mu faɗi ma'anar baiti ɗaya, sai ka ga ana sosa ƙeya.

Waƙar ta daɗe. Wanda ya tsara ta shi ne Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu a shekarar 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti ashirin na yabon Annabi (SAW), kuma duk baitocin su ƙare da wannan harafin. Daga ashirin ɗin nan sunan ya samo asali. Daga baya Ibnu Muhib ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, ya koma ƙwar biyar. Larabcinta kuwa ba na wasa ba ne. Tun ƙarni na 17 Wali Ɗan Masani na Katsina ya ga buƙatar rubuta mata sharhi don warware kalmominta masu tsauri.

’Yan’uwanmu da ke sashen Turanci a jami'a sun san irin wannan wahala. Geoffrey Chaucer, mai Canterbury Tales, ya rasu a 1400, shekara 170 bayan Alfazazi, amma Turancinsa ya tsufa har ɗan Ingila na yau ba ya gane shi sosai sai da ƙamus. Shi ya sa Nevill Coghill ya mayar da littafin zuwa Turancin zamani a 1951. Duk da haka masu nazari ba su yar da asalin ba: a fassara ake bin labari, a asali ake jin amo.

Mu namu tsarin ya riga na Coghill da nisa. A zaure, ɗalibi ya karanto kalma, malam ya ba shi Hausarta, ya nuna masa wa ya yi aikin, wa aka yi wa, sannan a wuce. Yana cin lokaci, wani lokaci har gyangyaɗi ya ɗebe mutum, amma ɗalibi na tashi da Larabcin da Hausar a tare. Ita kanta Hausar fassarar malamai wata taska ce, cike da tsofaffin kalmomin da ba ka ji a kasuwa, kuma mafi yawanta a bakin dattawa take, ba a takarda ba.

Yau wasunmu na cewa tunda ana iya sauraron fassarar a waya, me za a yi da asalin? Mu dai ba mu yarda ba. Babu mai fassarar da zai iya jera baiti ashirin na Hausa, duk su ƙare da harafin lodi ko zadi, ma'ana kuma ba ta karye ba. Dole ya zaɓi ɗaya, ko amsa-amo ko ma'ana, kuma mai gaskiya ma'ana zai zaɓa. Haka nan ba mu goyon bayan masu ganin rerawa kaɗai ta isa. Yabon da mai yinsa bai san abin da ya ƙunsa ba, daɗinsa a kunne yake tsayawa.

Ga mai son gwadawa kafin Gani ta bana, harafi ɗaya ya isa. Ka ɗauki harafin hamza, wanda da shi aka fara, ka sami malamin unguwarku bayan sallar Asuba ko Magariba, ka tafi da littafin da kuma littafin rubutu. Baiti biyu a rana, kwana goma ka kai ƙarshen harafin. Kuma ka rubuta Hausar malamin yadda ya faɗe ta, kada ka gyara masa.