Yaƙin Alwasa: Nasarar da ba ta kai ga biyan buƙata ba

A ƙarshen shekarar 1805 ne aka gwabza ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙe mafiya muni na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a garin Alwasa, da ke kwarin Gulbin Kabi, tsakanin Birnin Kabi da Argungu.

Watanni kaɗan kafin nan, dakarun jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi, ƙanin Shehu, sun ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi kuma ya tsere. Daga nan ne Shehu ya koma Gwandu da zama.

Wannan ya sa Gobirawa da Abzinawa da Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka haɗa runduna guda, suka doshi Gwandu da nufin murƙushe jama'ar tun kafin ta kafu.

Saɓani da kashi

Shugabannin jihadin sun yi saɓani a kan ko su jira abokan gaba a gida, ko su fita su tare su. Masu ra'ayin fita ne suka yi rinjaye.

A Alwasa, rundunar haɗin gwiwar ta fatattake su, inda masana tarihi ke cewa an kashe kimanin mutum 1,000. Sauran suka ja da baya zuwa Gwandu.

Sai dai da maharan suka biyo su, jama'ar Shehu ta yi tsayin daka, ta kore su bayan kwanaki ana fafatawa. Rundunar ta watse, kuma a 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi.

Kwatankwacinsa a Rasha

Shekara bakwai bayan Alwasa, irin haka ta faru a Turai. Ranar 7 ga Satumba, 1812, sojojin Faransa a ƙarƙashin Napoleon suka kara da na Rasha a ƙarƙashin Janar Kutuzov a Borodino, yamma da Mosko. An kashe ko an jikkata kimanin mutum 70,000 a yini guda.

Faransawa sun riƙe fagen fama, suka shiga Mosko bayan mako guda, amma rundunar Rasha ba ta karye ba. A watan Oktoba Napoleon ya juya, yunwa da sanyi da hare-haren Rashawa suka cinye mafi yawan sojojinsa.

A wuraren biyu, maharan sun ci yini guda, amma sun bar abokin gaba da sauran ƙarfin sake shiri.

Su kuwa Kabawa, daga baya sun kafa sabuwar hedkwata a Argungu, suka ci gaba da turjiya har zuwan Turawan Ingila.