Kiwon Silinda da Fistan na Ƙananan Injuna

Wannan bayani na hakiman ƙasar Zuru ne da malamansu, domin su karanta wa masu injuna.

Yanzu da wuya a sami gari a ƙasar nan, tun daga Dabai har Ribah da Mahuta da Dirin Daji, wanda ba shi da injin niƙa ko na ban ruwa. In injin ban ruwa ya tsaya da tsakiyar rani, cikin kwana kaɗan shuka ta ƙone, wahalar mutum ta tafi a banza. Abin da ya fi kashe injin kuwa biyu ne, watau ƙura da tsohon baƙin mai.

Yadda suke aiki

Silinda rami ne mai santsi cikin injin, fistan kuwa shi ke hawa da sauka a cikinsa, har sau 3,600 a minti ɗaya a ƙaramin injin fetur. Kewaye da fistan akwai zobba, galibi 3, waɗanda makanikai ke kira ringi. Biyu na bisa su ke tare ƙarfin wuta kada ya tsere, na ƙasa kuma ya share mai daga bangon silinda. In ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da mai, sai ta riƙa cin bangon nan kamar magagari.

Alamun lalacewa

Shuɗin hayaƙi ya nuna ringi sun ci, mai yana ƙonewa. Haka kuma in igiyar tayarwa ta yi sakwa-sakwa a hannu, ko injin ya rage ƙarfi. Baƙin hayaƙi kuwa, a fara duba matatar iska, watakila toshewa ta yi.

Dubawa

Kada a buɗe injin sai ya huce, kuma ba a kan rairayi ba. Makaniki ya bi bangon silinda da farce. In farce ya maƙale a wani zane, sabon ringi kaɗai ba zai yi magani ba, sai a kai a yashe ramin, a sa fistan mai ɗan girma. A kankare baƙin da ke kan fistan da itace, ban da ƙarfe. Wajen mayarwa, kada bakunan ringi su daidaita wuri guda.

Kiyayewa

A duba baƙin mai kowace safiya. Sabon injin fetur a sake masa mai bayan awa 20 na aiki, daga nan kowace awa 100. A wanke matatar iska kowace awa 50, da hunturu kuwa fiye da haka.

Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafi na injunan jama'a, a rubuta ranar sake mai da ranar dubawa, kafin a shiga noman rani. Gama kuɗin baƙin mai bai kai na sabon silinda ba, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.