Wharram Percy: ƙauyen da tumaki suka gaje

A wani kwari da ke Arewacin Yorkshire a Ingila, rusasshen cocin St Martin na nan tsaye a kufan Wharram Percy, kusa da ɗan ƙauyen Wharram-le-Street.

Annobar da ta auka wa yankin a 1349 ta rage mutanen garin, amma ba ita ta tashe shi ba. Da gashin tumaki ya yi daraja, masu ƙasa suka ga kiwo ya fi noma riba. Wajen shekarar 1500 aka kori iyalai huɗu, aka rushe gidajensu, gonaki suka koma makiyaya.

Daga 1950 zuwa 1990, Maurice Beresford da John Hurst sun jagoranci tonon wurin, aka gano tushen gidajen manoman. Yau ciyawa ta lulluɓe su, sai dai alamunsu.