Taya ta Biyar: Shin Wajibi ne Safaya ta Yi Daidai da Sauran Tayoyi?

A cikin watan Agusta na wata damina, na bi wata mota ƙirar Hilux daga garin Ɗambatta zuwa wasu ƙauyuka na ƙasar Makoɗa. Mai motar bai daɗe da sauya mata tayoyi huɗu manya ba, domin ta riƙa ratsa yashi da taɓo ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba. Muna cikin wani burtali sai wani tsinin kututture ya yage tayar baya. Da direba ya sauko da safaya, sai ga tsohuwar tayar da motar ta zo da ita daga kamfani, wadda ko da ido mutum ya ga ba ta kai sauran tsayi ba. Ya ɗaura ta, ya sa giyar taimako, muka fita daga yashi lafiya. Amma da muka hau kwalta muka ɗan taɓa tafiya, sai sitiyari ya yi nauyi, giyar taimakon kuma ta cije ta ƙi fita, har sai da ya ja motar da baya. Direban ya ɗora laifin a kan giya. Wannan maƙala za ta nuna cewa giyar ba ta da laifi, matsalar tana ga tayar nan ta biyar.

Yanayin Hanyoyinmu

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi fice wajen nazarin yadda manoman wannan yanki ke noma gonakinsu kowace shekara ba hutu, da taimakon taki. Saboda gona na manne da gona, hanyar da ta rage wa mota sau da yawa ita ce burtali mai shingen aguwa ko bini-da-zugu, ga yashi da rani, ga zaizaya da damina, ga ƙayar aduwa da bagaruwa. Motocin da ke kai taki gona, da masu kwaso hatsi zuwa kasuwar Dawanau, da masu ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare, duk nan suke bi. Don haka ba abin mamaki ba ne mai mota ya nemi taya mai tsayi da faɗi. Sai dai tsadar taya kan sa a sayi huɗu a bar ta biyar, musamman tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008.

Abin da Lambobin Taya ke Faɗi

Idan mai karatu ya duba gefen taya zai ga rubutu kamar 205/80 R16. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 205. Ta biyu tana nufin tsayin bangon tayar kashi 80 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 164. Ta ƙarshe kuwa girman ƙarfen wili ne, inci 16, wato kimanin milimita 406. In an haɗa bango biyu, na sama da na ƙasa, da wilin, tsayin tayar zai kama milimita 734. Da yake kewayen kowace da'ira ya ninka tsayinta sau 3.14, wannan taya tana cin mita 2.31 a juyi ɗaya, tana kuma juyawa sau 433 kafin ta cika kilomita guda.

To, a ce an sauya ta da 265/70 R16. Wilin bai canja ba, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka duk ɗaya ne. Amma tsayin sabuwar milimita 777 ne, juyinta ɗaya mita 2.44, kuma sau 409 take juyawa a kilomita. Ke nan idan aka haɗa su a mota ɗaya, ƙaramar za ta fi babbar juyi 24 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 50 bambancin ya kai juyi 1,200.

Ina Bambancin ke Tafiya?

Ƙafafun amalanke ba ruwan ɗaya da ɗaya, kowace na juyawa yadda ta ga dama, domin shanu ne ke jan amalanken daga gaba. Mota kuwa inji ne ke murza ƙafafunta, kuma idan ta sha kwana, ƙafar waje tana yin tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Saboda haka ne aka sa wata na'ura a tsakiyar aksil, wato sandar da ta haɗa ƙafafu biyu, wadda ake kira difarenshiyal. Aikinta raba juyi: tana barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri alhali duka biyun suna samun ƙarfin inji. Ƙananan giyoyin da ke cikinta an yi su ne don su motsa a kwana, su huta a miƙaƙƙiyar hanya. Idan aka ɗaura ƙaramar safaya, na'urar za ta ɗauka motar na cikin wata kwana da ba ta ƙarewa. Tana iya jure wannan a gajeriyar tafiya ta sannu. Amma wasu motocin na da nau'in da aka yi wa faya-fayan riƙo don hana ƙafa ɗaya sulɓewa a taɓo; waɗannan faya-fayai za su yi ta gugar juna, su yi zafi, su cinye.

Babbar matsalar tana tsakanin gaba da baya. A motoci irin su Hilux, da zarar an sa giyar taimako, an kulle furofelar gaba da ta baya ke nan, dole su yi juyi iri ɗaya, kamar shanu biyu a ƙarƙashin karkiya guda. A misalinmu na sama, ƙafafun gaba na bukatar juyi 409 a kilomita, na baya kuwa, da yake ɗaya babba ce ɗaya ƙarama, matsakaicinsu 421 ne. Wannan bambanci na juyi 12 daidai yake da kusan mita 30 a kowace kilomita, kuma babu inda zai fita sai ta hanyar sulɓewar taya. A cikin yashi taya kan sulɓe ba tare da direba ya ji ba, shi ya sa muka fita daga burtalin nan lafiya. A kan kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, sai ƙarfin ya koma ciki, ya riƙa murɗe furofela da aksil kamar yadda ake matse wanki. Alamunsa su ne nauyin sitiyari, da cijewar giya, da ƙugin ƙarfe. Ƙarshensa kuma karyewar haƙoran giya ko na wani gaɓa na furofela. Ja da baya da direbanmu ya yi warware murɗin ne, ko da yake bai san dalili ba.

Akwai kuma motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci, kamar Prado da manyan Land Cruiser na zamani. Su suna da difarenshiyal na uku a tsakiya, wanda kan shanye bambancin gaba da baya. Sai dai a irin waɗannan direba ba shi da damar sallamar ƙafafun gaba, don haka na'urar tsakiyar za ta yi ta aiki muddin ana tafiya. Daɗin daɗawa, birkin zamani na ABS yana ƙidaya juyin kowace ƙafa ne. In ya ga ɗaya ta fi sauran sauri, yana iya ɗauka sulɓewa take yi, ya kunna fitilar gargaɗi ko ya tsayar da aikinsa.

Ba Tsayi Kaɗai Ba

Ko da an sayi safaya mai lamba iri ɗaya, da sauran abin dubawa. Na farko, shekarunta. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba kan bushe ta tsattsage ko ba a yi tafiya da ita ba, balle a zafin watan Afrilu na ƙasar Kano, kuma manyan kamfanonin taya na ba da shawarar a jefar da duk wadda ta kai shekara 10, har da safaya. Wannan ya fi shafar tayoyin gwanjo, waɗanda dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da su amma ba su ɓace daga kasuwa ba. Na biyu, nauyin da za ta iya ɗauka: lamba 110 na nufin kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120, kuma motar da aka labta wa buhunan gero ba ta san wace ce safaya ba. Na uku, a gwada tun a gida a ga ko babbar tayar na shiga mazauninta a ƙarƙashin mota, ko ramukan wilin sun dace da noti, ko jak ɗin na iya ɗaga motar yadda babbar taya za ta shiga. Sannan a tuna cewa agogon gudu an saita shi ne da tsohuwar taya: a misalinmu, in ya nuna 100, motar na gudun kilomita 106 a awa.

Wanda lissafi bai dame shi ba yana da hanya mai sauƙi. Ya ɗauki igiya ya zagaye safaya bayan an cika ta da iska, ya yi alama, sannan ya zagaye ɗaya daga tayoyin da ke jikin mota. In bambancin ya wuce faɗin yatsu biyu ko uku, safayar ba abokiyar tafiyarsu ba ce.

In Ta Riga Ta Faru

Da babu gara ba daɗi. Idan taya ta fashe a daji kuma ƙaramar safaya kaɗai ke akwai, a mota irin Hilux ya fi kyau a ɗaura ta a gaba, a mayar da babbar tayar gaban zuwa baya, domin ƙafafun da ke tura mota su zama daidai. A yi amfani da giyar taimako a cikin yashi ko taɓo kawai, a cire ta kafin a hau kwalta ko busasshiyar tsakuwa. A tafi sannu, a bar rata mai yawa don birki, domin motar na iya karkata gefe guda, kuma a tsaya wurin mai faci na farko, kada a ce sai an isa Ƙofar Ruwa.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ita ce: wajibi ne tsayin safaya ya yi daidai da na sauran, ƙarfinta kuma kada ya gaza nasu, sunan kamfani da fasalin zane suna iya bambanta in ya zama dole, ko da yake iri ɗaya ya fi. Wanda zai sauya tayoyi ya yi lissafin biyar tun farko, ya kuma riƙa shigar da ta biyar cikin aiki lokaci zuwa lokaci don su cinye tare. In kuɗinsa na huɗu ne kawai, gara ya tsaya a kan girman da motar ta zo da shi har ya samu hali. Kuɗin taya ɗaya bai kai na gyaran akwatin giya ba, kuma ranar da za a nemi safaya, ba mai mota ne zai zaɓe ta ba.