ABIN DA KE HANA KAJINMU YIN ƘWAI DA YAWA

Ya kai mai karatu, in a ƙasar Gwandu ka ke zaune ko ta Kalgo, da wuya a ce babu kaza a gidanka. Daga Kambaza zuwa Dalijan, daga Diggi zuwa Zuguru, ko wane gida ka yi sallama sai ka ji kyarkyara a bayan rumbu. Amma ka tambayi uwargida yaushe rabon da ta dafa wa yaranta ƙwan kajin nan. Sai ta yi shiru, can ta ce, "Ai kajin ba su yi."

Ni ba likitan dabbobi ba ne, a ɗakin shan magani na ke aiki. Ga abin da ya sa na tsoma baki cikin maganar kaji. Wata damina wata tsohuwa ta kawo mini jikanta, bai cika shekara 2 ba, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Tamowa ce. Tun da aka yaye shi ba ya samun kome sai kunu da tuwo. Na ce mata, "Inna, kuna da kaji a gida?" Ta ce suna da guda 7. Na ce, "To, ina ƙwansu?" Ta ce, "Haba Malam! Ƙwai ai na kwanci ne. Guda nawa su ke yi da har za a ci? Kuma yaron da ya saba da ƙwai, sata zai koya."

Maganar sata dai babu gaskiya cikinta, ƙwai abinci ne kamar nono. Amma da ta ce kajin ba su yin ƙwai da yawa, nan ta faɗi gaskiya. To, mu bincika dalili.

KA LISSAFA SHEKARAR KAZARKA

Sagara ta kan fara ƙwai tana da wajen wata 6 ko 7. Ta yi guda 10 zuwa 15 cikin mako 2 ko 3, sa'an nan ta hau kwanci. Kwanci kwana 21 ne. In ta ƙyanƙyashe, sai ta shiga yawo da 'yan tsaki wata 2, wani lokaci har fiye. Bayan ta yaye su kuma sai ta ɗan murmure kafin ta koma gurbi. In ka haɗa duka, wata 4 ke nan. Watau a shekara zubi 3 ta ke yi, ko 4 in ta yi ƙoƙari, ƙwai wajen 40 zuwa 50. Ka ga ashe ba lalaci ne ya hana ta ba. Cikin watanni 12 ba ta fi wata 2 tana ƙwai ba, sauran duk kwanci ne da reno. Mu nan kuma mu kan ƙara mata aiki da damina, mu sa mata ƙwan zabi, wanda shi sai ya yi kwana 26 zuwa 28 kafin ya fashe.

Abin takaici, 'yan tsakin da ta ɓata wata 3 dominsu, yawancinsu ba su rayuwa. Shirwa ta ɗauki wani, muzuru ya ci wani, wani ya faɗa kwatami, ciwo ya kwashe saura. Cikin 10 sai a tsira da 3 ko 4. An hana yaro ƙwai don a sami kaza, kazar kuwa ba ta samu ba. Magabata sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Dabarar ita ce ka raba wa kajinka aiki. In kana da 6, zaɓi 2 waɗanda ka san sun iya reno, su ne za su yi kwanci. Sa wa ko wace ɗaya ƙwai 10, waɗanda ba su wuce mako guda da yi ba. Sauran 4 kuwa ka riƙa kwashe ƙwansu kullum, ka bar ɗaya rak a gurbi, ka shaida shi da gawayi, don kada kaza ta sake wuri ta tafi jeji. Kazar da a ke kwashe wa ƙwai ta kan daɗe tana yi.

In ta nace ta kwanta a gurbi ba ƙwai, kada ka tsoma ta cikin ruwa, kada kuma ka soka mata gashi a hanci yadda waɗansu ke yi. Azaba ce ta banza. Sa ta cikin kwando mai shan iska, ka rataye a inuwa, da abinci da ruwa, kwana 3 ko 4. Kwancin zai sake ta, bayan mako 1 ko 2 ta koma ƙwai.

Haka kuma in kaji biyu sun ƙyanƙyashe rana ɗaya, kana iya haɗa wa ɗaya 'yan tsakin duka da dare, ka saki ɗayar. 'Yan tsakin kuwa a kife su da babban kwando tare da uwar, a ba su tsaki da ruwa har su yi wata guda, kafin a bar su su fita tsakar gida.

Waɗansu suna tsammani kaza ba ta ƙwai sai da zakara. Ba haka ba ne. Zakara don ƙyanƙyasa a ke bukatarsa, ɗaya kuwa ya ishi kaji 10. Sauran zakarun cinye tsaba kawai su ke yi, a yanka ko a kai kasuwa. Haka tsohuwar kazar da ta wuce shekara 3.

ABINCI DA RUWA

Ƙwai ɗaya ya kan ɗauki kwana guda cur, har da 'yar ɗoriya, kafin ya haɗu a cikin kaza, kuma daga abin da ta ci a ke gina shi. Da damina tono ya kan ba ta tsutsa da fara da ɗanyen haki. Da kaka ta sami tsaba a masussuka. Amma daga tsakiyar rani zuwa bazara ƙasa ta bushe, ba abin da ta ke samu sai ɗan abin da zai riƙe ranta. Kazar da ba ta ƙoshi ba, ƙwai ne abu na farko da ta ke bari.

Tsaba kaɗai ba ta isa, kamar yadda tuwo kaɗai bai ishi yaro ba. Ka haɗa mudu 3 na ɓarzajjen gero ko dawa ko masara, da mudu 1 na dusa, da mudu 1 na dakakken ƙuliƙuli. In ka sami ɓurɓushin busasshen kifi wurin masu banda, zuba kaɗan, da busasshen ganyen zogale. Ko wace kaza a ba ta cikin tafin hannu da safe, a ƙara kaɗan da yamma in za su shiga akurki. Mu da ke ƙasar shinkafa sai mu lura da abu guda: dusar shinkafa mai laushi abinci ce, amma ɓuntu ba abinci ba ne, cika ciki kawai ya ke yi. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kuwa guba ne, ga kaza da mutum duka.

Akwai naman da ba a saye da kuɗi, watau gara. Sami tsohuwar tukunya, cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, yayyafa ruwa, ka kife ta da yamma a kan hanyar gara, nesa da ɗaki da rumbu. Da safe ka zazzage wa kaji.

In ka ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko kaza tana fasa nata tana sha, abin gina ɓawo ne ta rasa. Ƙona ƙashi ko katantanwa, ko ka gasa ɓawon ƙwai, ka daka, ka ajiye musu a sakaina su ci yadda su ke so.

Ruwa kuwa shi aka fi mantawa da shi. Kashi 3 cikin 4 na ƙwai ruwa ne. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasarmu, sai ka ga kaza ta buɗe baki tana haki, tana bin kwatami tana shan ruwan wanke-wanke. Wannan ba za ta yi ƙwai ba. Ajiye kasko a inuwa, ka wanke shi kullum, ka sake ruwa safe da azahar. Jefa 'yan duwatsu a ciki don kada 'yan tsaki su nutse.

ANNOBAR HUNTURU

Kowa ya san ciwon nan da ke zuwa da hunturu ya share akurki. Kaza ta yi zugum, fukafukai sun sauka kamar ta yafa riga, kashi kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gan shi cikin 1926. Wadda ta tsira ma ta kan daɗe ba ta ƙwai, in ta yi kuwa sai ya fito da ɓawo marar ƙwari.

Ciwon nan ba shi da magani in ya kama, amma yana da rigakafi. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani da a ke kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya a ke sa wa ko wace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata 4. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na kafin hunturu, wajen watan Oktoba. Kwalba ɗaya ta kan ishi kaji masu yawa, in an haɗa ta kuwa ba ta ajiyuwa, saboda haka ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo rana ɗaya. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Yawanci daga kasuwa ciwon ke shigowa gida, domin mutum in ya ga kajinsa sun fara mutuwa sai ya yi maza ya sayar da saura da araha. Ko wace baƙuwar kaza, ta saye ko ta kyauta, a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

A nan ina da roƙo. Sau da yawa a kan zo wurina a ce in ba da kafso, in na bincika sai in tarar kaji za a jiƙa wa. Kafso ba ya kashe wannan ciwo. Yana kuwa fita cikin ƙwai yaro ya ci, ran da ya bukaci maganin don kansa sai a ga ba ya ji.

In kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ma'aikacin dabbobi nan da nan, don yana yiwuwa murar tsuntsaye ce. Ta fara ɓulla a Nijeriya cikin 2006 a Jihar Kaduna, tana kuwa kama mutum, har ta kashe wata mata a Legas cikin 2007. Kada a yanka mai ciwo a ci, kada a jefar da mushe a juji. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu.

AKURKI

Akwai ɓarayin ƙwai da ba a gani da rana. Ƙwarƙwata da ƙuma suna cikin gashi, kaskar kaji kuwa tana ɓuya cikin tsagar bango, sai dare ta fito ta sha jini. Shiga akurki da tocila ka duba. A yaɓe tsagogi, a share kashi ko wane mako a kai gona, a ƙone tsohuwar ciyawar gurbi, a zuba toka da rairayi a wani lungu don su yi birgima. Kada kaji su kwana a ɗakin da mutane ke kwana. Yaro mai rarrafe ya kan dafa kashinsu ya kai baki, gudawa ke nan.

Wani zai ce gara ya sayi kajin Turawa ya huta. Gaskiya ne irin su Shika Brown, wadda aka fitar a Shika kusa da Zariya, suna yin ƙwai fiye da 200 a shekara. Amma sai da cikakken abinci na saye da rigakafi a kan kari. In ka sake su su yi tono kamar namu, su za su riga mutuwa. A ganina ka fara gyara na hannunka tukuna.

RABON YARO

Ƙwan da aka kwashe a ajiye shi a wuri mai sanyi, kusa da randa, a ci cikin mako guda. In kana shakka, sa shi cikin ruwa: mai kyau ya kan nutse, wanda ya taso sama a zubar.

Daga wata 6 yaro yana iya cin ƙwai, ba tare da an daina ba shi mama ba. A dafa shi sosai har gwaiduwa ta daskare, a murtsuke cikin kunu, a fara da kaɗan. Kada a ba shi ɗanye. Mai ciki da mai goyo su ma su ci. Kaji 4 da a ke kulawa da su sun isa su ba ƙaramin yaro ƙwai sau 3 ko 4 a mako, har a sami na sayarwa. Amma yaron da ƙafafunsa suka riga suka kumbura, ko ya rame har ya ƙi abinci, kada a tsaya jiran kaza, a kawo shi ɗakin shan magani a ranar.