ERIYA MASU YAWA A KAN ƘARFE ƊAYA

Mu da muke zaune a Yako da kewayenta mun san halin waya a ranar kasuwa, ko a makon Kirsimeti sa'ad da 'ya'yanmu suka dawo gida. Sabis ya cika a fuskar waya, amma kira ba ya shiga. Bara wata uwa a cikinmu ta wuni tana jiran kuɗin magani da ɗanta ya aiko daga Ikko, mai POS yana ta gwadawa, har la'asar ba su fito ba. Ƙarfen sabis yana nan tsaye, bai lalace ba. Masu nema ne suka fi ƙarfinsa.

Ga dalilin. Kowane kamfani yana da hanyarsa a cikin iska wadda gwamnati ta sayar masa, tana kuwa da iyakar faɗi. Tsohuwar eriya kamar fitilar ƙwai take, tana watsa saƙonta ko'ina, har wurin da ba kowa. Saboda haka wayoyi sukan bi layi, kowace ta sami ɗan rabonta. In mutane sun yi yawa, rabon ya ƙanƙance.

A 2010 wani masani a Amurka, Thomas Marzetta na Bell Labs, ya nuna da lissafi cewa in aka jera ƙananan eriya da yawa wuri ɗaya, za a iya yi wa mutane da dama aiki a lokaci guda, a kan hanya guda. A 2016 masana na jami'o'in Bristol a Ingila da Lund a Suwidin suka gwada da eriya 128, na'urori 22 suka yi aiki tare. Yau akwatunan 5G da yawa suna da hanyoyin aikawa da karɓa 32 ko 64.

Yaya eriya za ta san inda kake? Mukan nuna wa yara misalinsa a bakin kududdufi. Jefa tsakuwa biyu tare. Inda da'irorin ruwan suka gamu, a wani wuri sai su hau juna su yi tudu, a wani wuri kuwa su kashe juna ruwa ya kwanta. Haka igiyar rediyo take. Wayarka takan aika da ɗan sigina, kwamfutar da ke cikin akwatin ta ji yadda ya iso ga kowace eriya. Sa'an nan ta sa wannan ta ɗan riga, waccan ta ɗan jinkirta, domin tudun ya faɗo daidai kanka, a wurin maƙwabcinka kuwa ruwa ya kwanta. Shi ma ana yi masa nasa a wannan lokaci. Fitilar ƙwai ta zama tocila masu yawa ke nan, kowace tana bin mai ita. In ka tashi, ta bi ka.

A ƙasarmu, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon hanyar 5G a Disamba 2021. MTN da Mafab suka saya, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. MTN ta fara a 2022 a birane bakwai, har da Kano. Airtel ta biyo baya a 2023.

To, a nan ne muke so iyaye su kasa kunne. Hanyar da aka sayar, wato gigahaz 3.5, gajeruwar igiya gare ta, ba ta kai santimita 9 ba. Shi ya sa eriya da yawa suke shiga akwati ɗaya. Amma irin wannan igiya ba ta da nisan zango kamar ta tsohon sabis, katanga da itatuwa kuma suna rage mata ƙarfi. Akwatin yana da tsada, yana kuma shan wuta, ga ƙarafan ƙauye da yawa da janareta ko hasken rana suke aiki. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne, yakan fara kai kayansa inda jama'a suka yi cincirindo, irin su Sabon Gari da Kantin Kwari. Ƙauyukan da suke warwatse wajen Doguwa da dajin Falgore, bukatarsu ta fari ita ce ƙarfen da zai kai gare su.

A 2020 an baza jita-jita cewa 5G ce take kawo korona, har a wasu majami'u aka faɗa, a Ingila kuma aka ƙone ƙarafa. Mun ji kunya ƙwarai. Ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo, cutar ma ta shigo Nijeriya shekara biyu kafin a kunna 5G.

Saura batun saurayin da zai ce a sayar da buhun masara a saya masa waya mai 5G. Wayar ba ta kawo sabis da kanta, sai in ƙarfen garinku yana da akwatin. Kafin a taɓa rumbu, a roƙi wani mai irin wayar ya zo ya tsaya a tsakar gida, a duba abin da ta rubuta a sama, ko 4G ko 5G.